Ƙwayoyin nano da ciwon daji: tambayoyin da ake yawan yi mini a Sakkwato

Aikina harhaɗa magunguna ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma yawancin takardun da ke biyowa ta hannuna na masu sankara ne. Tun da bidiyon "maganin nano" ya fara yawo a WhatsApp, da wuya mako ya wuce wani bai miƙo mini waya ta taga ba. Na baya-bayan nan wani saurayi ne da ya kawo mahaifiyarsa daga wajen Gwadabawa. A bidiyon nasa, wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu walƙiya ne ke bin jijiya kamar rundunar tururuwa, su isa kan ƙari su cinye shi tas. Ya dube ni ya ce, "Malam, wanga magani mu ka so a ba Inna." Amsar da na ba shi a tsaye ba ta ishe shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na tattara tambayoyin wuri guda.

Wai mene ne nano ɗin nan?

Ma'auni ne, kamar yadda ake cewa mudu ko tiya. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita 80,000, ƙwayar jan jini wadda cutar zazzaɓin cizon sauro ke shiga ta ɓuya a ciki kuma wajen 7,000. Ƙwayoyin da ake ƙerawa don sankara yawanci ba su wuce nanomita 10 zuwa 200 ba. Idan aka jera masu nanomita 100, sai an tara kusan 800 kafin su ƙetare faɗin silin gashi guda. Kwallin da aka niƙa ya yi laushi, idan aka ajiye shi kusa da su, tsakuwa ne.

To, ƙwayar ce maganin?

A mafi yawan lokuta, a'a. Ita jaka ce, maganin yana ciki, kuma sau da yawa tsohon magani ne da muka daɗe da sani.

Ɗauki doxorubicin misali, ɗaya daga cikin magungunan ɗurin sankara da ake kira kemo. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sankarar mama ya san shi, shi ne ruwan nan ja kamar zoɓo da ake ɗurawa ta jijiya. Yana kashe ƙwayoyin sankara sosai, amma ba ya tambayar gidan wa ya shiga. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, mafi muni kuma yana cin tsokar zuciya a hankali, har likitoci suna lissafa jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa, idan ya kai iyaka su dakata ko da yana aiki. Sai masana suka ce bari a zuba shi cikin wata 'yar salka ta kitse, wadda ake kira lifosom, a ɗaure bakin. Wani likita Bature mai suna Alec Bangham ne ya fara lura da irin wannan salka a Ingila a shekarun 1960, lokacin da ya ga wani nau'in kitse yana naɗe kansa ya zama ƙwallo idan ya haɗu da ruwa. Sai a 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da doxorubicin mai salka, da sunan Doxil. Wajen shekara talatin ke nan tsakanin ganin abu da kai shi gadon majiyyaci.

Ta yaya take gane inda ƙarin yake?

Nan ne bidiyo ya fi yaudarar mutane. Ƙwayar ba ta da ido, ba ta da hanci, ba ta iyo. Jini ne ke kwasar ta ya zaga da ita duk jiki. Abin da ke sa ta taru a ƙari yana cikin yadda shi ƙarin ya ginu.

Matan da ke tankaɗe za su fi kowa saurin ganewa. Bangon jijiyar jini kamar rariya yake. A zuciya da tsoka, rariyar sabuwa ce mai ƙananan idanu: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Doxorubicin tsurarsa gari ne, ko'ina ya samu sai ya zuba. Idan aka sa shi a salka ya zama tsaki, ba ya iya ratsa lafiyayyar rariya. Shi kuwa ƙari girma yake yi cikin gaggawa, yana jawo sababbin jijiyoyi barkatai don ya samu abinci, kuma aikin gaggawa kowa ya san yadda yake ƙarewa. Jijiyoyin sukan fito da ɓarakoki, rariya ce yagaggiya, tsaki ya samu hanya. Ƙari a kan haka, magudanan da ke kwashe ruwa daga cikin nama sukan toshe a tsakiyar ƙari, don haka abin da ya shiga yakan daɗe bai fita ba.

Wasu masana biyu 'yan Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, su suka bayyana wannan a 1986, kuma kusan duk fannin a kan bayanin nasu ya tsaya. A littattafai za ka ga an taƙaita sunan abin da haruffa uku, EPR.

Akwai dabara ta biyu. Wasu ƙwayoyin sankara suna da alamomi a fatarsu fiye da lafiyayyu, kamar kuba mai jiran mabuɗi. Sai a liƙa mabuɗin a bayan salkar don idan ta iso ta maƙale. A takarda abin burgewa ne. Amma mabuɗi ba ya kai ka ƙofar gida, sai ka iso da ƙafarka yake amfani, kuma isowar ce matsalar. Wani kamfanin Amurka, BIND Therapeutics, ya ƙera irin wannan ƙwaya aka yi ta yayata ta, gwaji a jikin mutane bai ba da abin da ake fata ba, kamfanin ya karye a 2016.

Jiki ba ya korar ta a matsayin baƙuwa?

Yana kora, kuma da gaske. Hanta da saifa cike suke da ƙwayoyin tsaro masu haɗiye duk baƙon abu da suka gani a jini. Idan ƙwayar ta yi ƙanƙanta da yawa, ƙasa da nanomita 6 ko makamancin haka, ƙoda ta tace ta a fitsarar. Idan ta yi girma, saifa ta cafke. Shi ya sa ake neman tsaka-tsaki, kuma ake yi mata ɓad-da-kama da wani sinadari mai suna PEG, wanda ke lulluɓe ta da rigar ruwa har masu gadin su yi jinkirin gane ta. Da wannan riga Doxil kan kwana biyu zuwa uku kafin rabinsa ya bar jini, alhali tsurar maganin cikin mintuna mafi yawansa ya watsu cikin nama.

Ke nan duk maganin ƙari yake tafiya, ba ya taɓa sauran jiki?

Ina ma. A 2016 wasu masana a Jami'ar Toronto ta Kanada, ƙarƙashin Warren Chan, suka tattara binciken shekara goma da aka yi a kan ɓeraye, suka duba nawa ne cikin abin da aka ɗura ya isa ƙari. Matsakaicin adadin da suka samu shi ne kashi 0.7 cikin ɗari. Wato cikin ƙwaya dubu, bakwai. Mafi yawan sauran hanta da saifa suka kwashe.

Wannan lissafi ya tayar da ƙura. Wasu suka ce ma'aunin bai yi adalci ba, domin tsurar magani ma ɗan kaɗan ne nasa ke isa, kuma abin dubawa shi ne ko majiyyaci ya amfana. Suna da hujja. Amma ni dai tun daga lokacin na daina amfani da kalmar "kai tsaye" idan ina yi wa mutane bayani. Ga kuma wani abu: ƙarin ɓera cikin makonni yake tasowa, jijiyoyinsa duk a yage. Na mutum yakan yi shekaru yana ginuwa, wani sashe ya yage, wani ya yi tauri kamar ƙasar fako, ruwa ma ba ya shiga. Mutum biyu masu sankara iri ɗaya, a ɗaya ƙwayar ta taru, a ɗaya ta wuce.

Waɗanne ne aka riga aka amince da su?

Ba su da yawa, kuma kowanne da ciwon da aka gwada shi a kai. Doxil an fara ba da shi ne ga sankarar fata ta Kaposi da ke addabar masu cuta mai karya garkuwar jiki, daga baya aka ƙara sankarar ƙwan mace da wata ta ɓargo. A Turai sunansa Caelyx, kuma can ana ba da shi har ga sankarar mama da ta yaɗu.

Abraxane ya zo a 2005, kuma labarinsa ya fi ba ni sha'awa a matsayina na mai haɗa magani. Abin da ke cikinsa paclitaxel ne, wanda asalinsa daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka samo. Paclitaxel ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da wani sinadari da ake yi daga man zurma, kuma wannan sinadari ne ke sa wasu majiyyata numfashi ya sarƙe ana cikin ɗura musu. Dole a ba su magungunan kariya tukuna, sannan a ɗura a hankali har awa uku. A Abraxane an jefar da man, an naɗe maganin da albumin, wani sinadari da ke cikin jinin kowannenmu, ƙwayar ta fito nanomita 130. Minti talatin an gama, yawanci babu buƙatar maganin kariya. An fara da sankarar mama, aka ƙara ta huhu a 2012, ta fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) a 2013.

Sai Onivyde a 2015, shi ma na fankiriyas, da Vyxeos a 2017 na wani nau'in sankarar jini.

Sun fi kemo da muka saba warkarwa?

Wani lokaci sun fi kaɗan, wani lokaci daidai suke. A babban gwajin da aka kwatanta doxorubicin mai salka da tsurarsa a mata masu sankarar mama da ta yaɗu, ƙarfinsu a kan ciwon kusan ɗaya ne. Inda mai salka ya yi zarra shi ne ya fi tausaya wa zuciya, gashi bai cika zubewa ba, amai ya ragu. A sankarar fankiriyas, ƙara Abraxane a kan wani maganin kemo mai suna gemcitabine ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwa daga wata 6.7 zuwa 8.5. Vyxeos ya ɗaga nasa daga wajen wata 6 zuwa wata 9 da rabi.

Mai lafiya zai ji waɗannan watanni ya taɓe baki. Wanda ya yi jinya ba zai raina su ba. Wata biyu na iya zama azumi da Sallah a cikin iyali. Sai dai a kira abin da sunansa, kada a ce wa mutum warkewa ce ya je ya sayar da gona.

Ba su da illa ke nan?

Suna da, ta wata fuskar. Saboda Doxil na daɗewa a jini, yakan taru a tafin hannu da tafin ƙafa, su yi ja, su yi zafi, su saɓule. Gumi da zafi da guga na ƙara tsananta shi, kuma ka san bazarar Sakkwato, inda Afrilu kan haura digiri 40. Nakan ce wa mata su ajiye taɓarya da wanki na 'yan kwanaki bayan ɗuri, su riƙa tsoma hannu da ƙafa a ruwan randa, maza kuma su bar takalmi mai matsewa da doguwar tafiya a rana. Gyambon baki ma yana nan. Abraxane kuma yana taɓa jijiyoyin ji, yatsu su riƙa mutuwa ko tsikari, ga raguwar fararen ƙwayoyin jini. Kemo ce dai, an canza mata riga.

An ce ana gano ciwon da su ma?

E, kuma wataƙila kai ma ka taɓa riƙe ƙwayoyin nano a hannunka ba ka sani ba. Jan layin da ke fitowa a 'yar na'urar gwajin zazzaɓin cizon sauro, da irinsa a tsinken gwajin ciki da yawa, ƙwayoyin zinare ne. Zinare idan ya yi wannan ƙanƙanta ja yake zama.

A sankara, wanda ya fi tabbata shi ne na ƙarfe. Sankarar mama idan za ta yaɗu, kaluluwar hammata take fara sauka. Likitan tiyata yana son ya san wacce kaluluwa ce ta farko a kan hanya, ya cire ta a duba. Idan tana da tsabta sai a bar sauran, a tsirar da mace daga kumburin hannu na har abada. Hanyar da aka saba ita ce allurar wani sinadarin nukiliya, wanda duk awa shida rabin ƙarfinsa ke tafiya, don haka ba ya jure doguwar hanya. Yanzu akwai wani ruwa mai launin ƙasa, Magtrace, cike da ƙwayoyin ƙarfe masu amsa kiran maganaɗisu. A yi allurarsa a mama, ya gangara ya taru a kaluluwar, likita ya bi ta da sanda mai jin maganaɗisu. Amurka ta amince da shi a 2018. A ganina wannan ya fi dacewa da gari irin namu fiye da yawancin abin da ake yayatawa, tun da yana zama a kan kanta ya jira. Aibinsa, yakan bar tabo a fata, kuma yana iya dagula hoton MRI na wurin daga baya.

Duk da haka, har gobe ba a tabbatar da sankara sai an ɗebo ɗan nama an duba a madubin likita.

Batun ƙona ƙari da zinare ko ƙarfe fa?

An yi shi, amma a wurare ƙalilan. A Jamus an ƙera NanoTherm, ruwan ƙarfe da ake zubawa cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a sa kan majiyyaci cikin na'urar da ke juya maganaɗisu da sauri, ƙwayoyin su yi zafi su gasa ƙarin daga ciki. Turai ta ba shi izini a 2010. A Amurka an gwada ƙwayoyi masu rigar zinare a sankarar firostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ana haska su da leza su ɗau zafi. Wani kamfanin Faransa kuma ya fito da Hensify, wanda ake yi wa ƙari allurarsa kafin gashi, wato gasa ƙari da hasken na'ura, don hasken ya fi cin wurin. A gwajinsa kan sankarar tsoka, waɗanda ƙarinsu ya mutu kusan gaba ɗaya sun kai kashi 16 cikin ɗari, na gashi kaɗai kashi 8. Lura da cewa NanoTherm da Hensify allura ce likita ke kaiwa cikin ƙarin da hannunsa, ba a bar wa jini ya yi jagora ba.

Ana samun su a Sakkwato?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen gashi da kula da masu sankara, kuma likitan wannan fanni ne kaɗai zai ce ko ciwonka na cikin waɗanda irin wannan magani ya dace da su. Idan ya rubuta, wanda aka fi iya nemowa shi ne doxorubicin mai salka da paclitaxel mai albumin, domin kamfanonin Indiya na yin irinsu. Ko su ɗin sun ninka tsurar maganin tsada nesa ba kusa ba.

Wahalar da ba a faɗa ita ce ajiya. Doxorubicin mai salka yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, kuma haramun ne ya daskare. Na taɓa karɓar kwalba biyu da wani bawan Allah ya yo odarsu daga kudu, suka kwana a mota cikin kula. Wanda ya shirya kayan, don gudun zafi, ya danna kwalaben tsakanin ƙanƙara ba tare da ko tsumma ba. Na buɗe na tarar ruwan ciki ya yi dutse. Salkar kitse idan ta daskare tana iya fashewa, maganin ya tsiyaye, ba wanda zai san me ya rage a ciki. Na ce masa ba za mu ɗura ba. Ya tsaya yana kallon kwalaben, ya ce, "Malam, shanu biyu ne fa." Ban da abin ce masa. Don haka kafin ka biya, ka tambayi yadda za a kawo, ka duba lambar NAFDAC, kuma gara asibiti ya yi odar da kansa.

Me ke cikin salkar? Ya halatta?

Kitsen Doxil mafi yawansa daga waken soya ne, da kolestarol. Albumin na Abraxane daga jinin da mutane suka bayar ake tace shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kai wa malaminsa wannan bayani yadda yake.

Wanda ake tallatawa a Facebook, ruwan azurfa na nano da garin dogon yaro na nano, su fa?

Ka riƙe kuɗinka. Ruwan azurfa ba ya maganin sankara, kuma mai yawan shan sa fatarsa na iya rinewa ta koma toka-toka, ba ta dawowa. Na dogon yaro da zogale kuwa akwai ƙamshin gaskiya a tushen maganar, shi ya sa take shiga kunne. Ɗalibai da malaman kimiyya kan yi amfani da ruwan ganye su haɗa ƙwayoyin azurfa ko zinare, su zuba a kan ƙwayoyin sankara a cikin faranti, su ga sun mutu. Bincike ne na gaske. Amma a cikin faranti ruwan gishiri mai kauri ma kisa yake yi. Daga faranti zuwa ɓera, daga ɓera zuwa mutum, mafi yawan magunguna a hanya suke faɗuwa. Duk na gaskiyan da na lissafa a sama allura ne da ake yi a asibiti. Babu wanda ake damawa a kunu.

Likita ya ce a cire maman Inna a fara kemo. Mu dakata har mu samu na nano?

Kada ku dakata. Wannan ita ce ainihin tambayar saurayin Gwadabawa, sai da muka daɗe muna magana ta fito. Ƙullin da ke wuri ɗaya wuƙar likita na iya raba shi da jiki gaba ɗaya, kemo da gashi su share abin da ya rage, kuma da wannan tsohuwar hanya ce mata ke warkewa. Doxil da Abraxane a sankarar mama an fi tanadar su ne ga wadda ta riga ta yaɗu, ko ga mai raunin zuciya, ko wadda jikinta ya ƙi paclitaxel na farko. Duk watan da kuka ɓata kuna neman kuɗinsu, ƙullin na matsawa zuwa hammata.

Na tambaye shi ko an yi wa Inna hoton zuciya, ya ce an yi, likita ya ce lafiya lau. Na ce to jan ruwan nan na kowa da kowa shi ne nata. Na gargaɗe shi cewa fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu bayan ɗuri, launin maganin ne, kada ya ɗauka jini ne ya tayar wa 'yan gida hankali. Na kuma ce ya saya mata ɗankwali mai laushi tun yanzu, domin gashin zai fara zuba wajen mako na biyu zuwa na uku.